Tsokar Inna Hure

Tun daga nesa da Tahira ta hango Abdulgani tsaye a bakin ƙofar sashensu gabanta ya faɗi. Mutumin da ba ya yarda ko ƙura ta hau masa takalmi, yau ga shi da taɓo har idon sawu, hula a hannu, idanu jajur. Kuma ba ya zuwa wurin aikinta. Tun rasuwar mahaifiyarsa ya ce ko warin asibitin nan ba ya son shaƙa.

Ta ture madubin da take duba tsoka da shi, ta tuɓe safar hannu, ta fito da sassarfa.

"Abdul, lafiya? Wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu." Muryarsa a dashe take. "Baba ne ya ce a dakata da kai lefe. Ya ce in ba a yi abin da yake so ba zuwa ranar Asabar, zai aika Tofa a shaida wa iyayenki an fasa."

Sati uku ya rage a ɗaura musu aure. An raba kati, tela ya gama ɗinkin anko.

"Me na yi wa Baba?"

Suka zauna a kan benci ƙarƙashin darbejiya. Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya ɗago.

"Zan tambaye ki, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Akwai naman Inna a ɗakin nan da kika fito?"

Ta runtse ido.

"Akwai."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Tahira likita ce a sashen binciken tsoka na wani babban asibiti a Kano. Duk abin da aka yanko daga jikin mara lafiya a tiyata, wurinsu ake kawowa su duba su faɗi sunan ciwon. Shekara uku ke nan tana bincike a kan sankarar mama a ƙarƙashin shugabar sashen, Farfesa Maimunat. Abin da suke son ganewa shi ne dalilin da ya sa ciwon ke kama matan ƙauyukan arewacin Kano da sauran ƙuruciyarsu, ya kuma cinye su kamar wutar daji. A wannan aikin ta haɗu da Inna Hure, mahaifiyar Abdulgani, lokacin da aka kawo ta daga ƙauyensu, Tsamiyar Talle, kusa da Kunci. An cire mata mama ɗaya, ta yi wata takwas, Allah ya karɓi abarsa. A zirga-zirgar jinyar nan ne likitar da Abdulgani, wanda malamin gona ne, suka saba, har sabo ya zama abin da ya zama.

"Ni da hannuna na karɓi abin da aka yanke mata," in ji Abdulgani, "na kai gida na binne. Na ce wa Baba babu abin da ya rage a asibiti. Ashe ƙarya na yi wa mahaifina ban sani ba."

"Abin da ka karɓa shi ne kusan duka. Amma kafin a ba ka sai an ɗebi 'yan mitsi-mitsi, kowanne bai kai farcen ɗan yatsa ba, a daskarar da su a cikin kaki. Da su ake gane ciwon. Kowa haka ake yi masa. Na Inna guda huɗu ne, kuma ita da kanta ta yarda a riƙe su don bincike. Ta dangwala a takarda, Abdul."

"Shi ne kika nuna wa ƙanwata Ramlat."

Nan ne hawayen da take maƙalewa suka ɓalle.

"Ta roƙe ni ne. Kuka take yi."

"To, ta je ta ba 'yan uwanta mata labari, wai ta ga Inna a madubi, kalar ja da shuɗi kamar zanen atamfa. Magana ta fita, ta zaga gari, ta faɗa kunnen Baba a masallaci. A masallaci, Tahira! Kwana uku ke nan ko ruwan kirki bai sha ba. Cewa yake matarsa ba ta cika a kabarinta ba. Ya ce macen da ta kulle uwata a durowa ba za ta haifa masa jikoki ba."

"Ka tambayi malamai?"

"Na tambaya. Liman da kansa ya ce masa babu laifi in don magani ne. Kin san abin da Baba ya ce? Ya ce shi ba fatawa yake nema ba, matarsa yake nema." Ya zaro takarda daga aljihu. "Ga wasiƙa na rubuta na sa hannu. Ki karɓo su. Ya ce ke da kanki yake so ki kawo, ba a matsayin suruka ba, a matsayin ma'aikaciyar asibiti. Ki ba shi ya binne, a wuce wurin. Abu huɗu da ba su kai farce ba, su za su raba mu?"

Ta karɓi takardar. Akwai maganar da ta sani, amma ba ta da ikon furta ta.

Sati bakwai da suka wuce, ba ganin Inna ne ya kawo Ramlat asibiti ba. Ramlat ƙanwar Abdulgani ce, shekararta ashirin da shida, tana aure a nan ƙauyen da 'ya'yanta biyu. Ta zo ne a ɓoye da sunan sayayyar biki. Ta kulle ƙofar ofis, ta ɗage riga, ta kama hannun Tahira ta ɗora a mamanta na hagu. Ƙullutu ne mai tauri kamar ƙwallon goruba, ba ya motsi. Tahira ta nemi ta kai ta a ɗebi tsoka a ranar, Ramlat ta zube ƙasa ta riƙe mata ƙafa. Ta ce Baba gani yake wuƙar asibiti ce ta kashe Inna, in ya ji zuciyarsa bugawa za ta yi. Ta ce tana tsoron mijinta ya ƙyamace ta. Ta ce a bari sai bayan biki. Ba ta tashi ba sai da Tahira ta rantse da Allah ba wanda zai ji daga bakinta, ko da Abdulgani ne.

Tun daga ranar, duk bayan kwana biyu sai ta kira ta a waya tana roƙo. Amsar ɗaya ce: sai bayan biki, Anti.

* * *

Farfesa Maimunat ta karanta wasiƙar sau biyu, ta cire tabarau ta ajiye.

"Suna da haƙƙi," ta ce. "In dangi suka janye, mun janye. Zan sa hannu a ba ki."

"Ranki ya daɗe, wata mai kamawa ne fa za a yi gwajin gado. Magungunan gwajin suna hanya."

"Na fi ki sani. Shekara biyu ina jiran su."

Gwajin gado shi ne ƙashin bayan binciken. Da shi za a gane ko ciwon irin mai bin jini ne, daga uwa zuwa 'ya. A duk matan da suka tattara, kaɗan ne aka tabbatar uwayensu ma da shi suka tafi, kuma Inna Hure na cikinsu. In an san irin nata, za a san yadda za a tunkari na Ramlat, a kuma san ko ya kamata a sa ido a kan sauran 'ya'yan Inna mata biyu.

Tahira ta sunkuyar da kai, ta yi maganar da ta kwana biyu tana kai-kawo a ranta.

"Da za a yanko kaɗan daga kowanne a ajiye... siriri kamar fatar albasa... ba wanda zai gane."

Farfesa ta ƙura mata ido har sai da ta ji kunya ta rufe ta.

"Ke za ki gane. Ni ma zan gane. Ranar da mutanen karkara suka ji muna ɓoye naman iyayensu bayan sun ce a dawo da shi, ba macen da za ta sake yarda a taɓa ta a asibitin nan. Kuma gidan da za ki shiga da ƙarya a ƙugu, yaya za ki zauna a cikinsa? In an bayar, a bayar duka, har gilasan da muke shimfiɗa tsokar a kai mu duba a madubi."

"To yaya zan yi?" Kuka ya ƙwace mata. "In na bayar na ci amanar matacciya. In na hana na rasa shi."

Farfesa ta taso ta dafa kafaɗarta.

"Tahira, ni tsoka na iya karantawa, ban iya karanta zuciyar tsoho ba. Ki tafi da su. Bakinki kuma yana tare da ke. In kin dawo da su, alhamdulillahi. In ba ki dawo da su ba, babu mai zarginki a sashen nan."

Ma'ajiyar sashen ɗaki ne mai sanyi cike da durowoyi har rufi. Ta jawo wadda take nema, ta tsamo 'yan dunƙulen kakin guda huɗu, kowanne bai fi rabin kwalin ashana ba, da ɗan ɗigon tsoka ruwan ƙasa a tsakiyarsa. Ta haɗa da gilasan, ta naɗe a auduga, ta sa a ambulan. Ko nauyin goro biyu bai yi ba, amma da ta rataya jakar sai ta ji kamar turmi ta ɗauka.

* * *

Ranar Juma'a da la'asar ta isa gidansu a Tofa. A ƙofar gida ta tarar da farar mota, ta san mai ita. Kamaruddeen ne, ɗan yayan mahaifiyarta, mai fataucin shanu daga Rimin Gado, wanda ya yi shekara huɗu yana nemanta tana kaucewa. Yana jingine da motar yana jan carbi.

"Likita bokan Turai," ya ce da murmushi. "Na ji abin da ya faru. Wallahi ban ji daɗi ba."

"Labari ya iso Rimin Gado ke nan."

"Zancen duniya ai ba ya ɓuya. Ni dai har gobe ina nan. Ba ruwana da abin da ke durowarki, don ranar da kika shigo gidana kin bar yanke-yanken nan. Kemis zan buɗe miki a ƙofar gida, ki zauna da mutuncinki."

"Na gode, Yaya," ta ce, ta shige.

Hajiya Furera, mahaifiyarta, tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ko gaisuwar ba ta bari ta ƙarasa ba.

"Kin zo da abin?"

"Na zo da shi, Hajiya."

"A cikin jakar nan?" Ta ja farantinta baya. "A'uzubillahi! Ajiye ta can bayan ɗaki. Gobe ki miƙa wa tsohon nan abinsa ki ba shi haƙuri. Gaskiyarsa ce. Ni ma in na mutu ban yarda a bar ko gashina a hannunku ba."

"Hajiya, ita ta ce a riƙe."

"Ita ta mutu, ke kina raye! Shekararki talatin ba ɗaya, Tahira. Sa'o'inki suna shirin aurar da 'ya'ya. Na sha gori a gidan biki, na sha a gidan suna, wai 'yata ta auri kwalba da madubi. Da ƙyar Allah ya kawo wanda kike so, shi ne za ki watsar saboda naman da ko kyanwa ba zai ƙosar ba?" Muryarta ta karye. "Babanki ya gama magana. Ya ce in mutanen Kunci suka fasa, ba zai sake zama da wani baƙo ba. Ga ɗan uwanki nan a ƙofar gida, tun azahar yake tsaye."

Tahira ta durƙusa ta kifa kai a cinyar uwar tana sheshsheƙa.

"Hajiya, akwai abin da ba zan iya faɗa ba. Ki yi mini addu'a kawai."

Hajiya Furera ta ture farantin shinkafar gefe. Can ta ɗora hannu a kanta.

"Allah ya zaɓa miki mafi alheri. Gwaggonki Jumma za ta raka ki. Ba za a ce 'yata ta je gaban suruki ita kaɗai kamar marar gata ba."

* * *

Da hantsin Asabar Abdulgani ya ɗauke su a motar ofishin gona. Daga Kunci suka saki kwalta suka bi burtali. Gona jikin gona, gero ya sunkuyar da kai yana jiran lauje, dawa ta fi mutum tsawo, mata sun duƙufa suna cirar gyaɗa. Gwaggo Jumma, ƙanwar mahaifin Tahira, ita kaɗai ke magana, tana yaba damina. Abdulgani sai satar kallon jakar da ke cinyar Tahira yake yi.

Suna shiga gidan, kafin a kai su wurin tsohon, Ramlat ta fizgo hannun Tahira ta ja ta bayan rumbu. Ta rame, idanunta sun zurma.

"Anti, ki yafe mini. Bakina ne ya jawo miki."

"Bar wannan. Ya ƙara girma?"

Ramlat ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"Har hammata nake jin wani."

Tahira ta kama kafaɗunta.

"Ramlat, ki dubi girman Allah ki sake ni daga rantsuwar nan. Kalma ɗaya zan faɗa, Baba ya gane dalilin da ya sa ba na so a binne."

"A'a! Wallahi mutuwa zai yi. Ki ba shi kawai, Anti. Ki ba shi a yi bikinku. Ni tawa ta riga ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba! Inna sai da ya fashe aka kawo ta. Ke da sauran lokaci, amma kullum raguwa yake."

Muryar Abdulgani ta katse su. Baba na kira.

Malam Sama'ilu, mahaifin Abdulgani, yana zaune a kan buzu a inuwar ɗakin da ya kasance na Inna Hure. Dogon tsoho ne, farin gemu, wuyansa ya zama kamar sillen kara. A gefensa ga sabon ƙyallen likkafani ɗan ƙarami a ninke, ga ƙaramar fartanya. Ya riga ya shirya.

Tahira ta tuɓe takalmi daga nesa, ta durƙusa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Gwaggo Jumma ta zauna a bayanta. Abdulgani ya tsuguna a gefen uban. Aka gaisa a taƙaice.

"Yarinya," in ji tsohon, "ban kira ki don in ci mutuncinki ba. Na ga wahalar da kika yi da marigayiya. Tambaya ɗaya zan yi. Kin zo da ita?"

"Na zo da ita, Baba."

Ta fito da ambulan ɗin, ta buɗe audugar a kan tafin hannunta. Tsohon ya sunkuyo ya daɗe yana kallo.

"Wannan ce Hure?"

"Wani ɓangare ne na ciwon da ya kama ta, Baba."

"Shekara arba'in da ɗaya muna tare. Ko kasuwar Kunci ba ta taɓa zuwa ban sani ba. Ashe shekara guda tana kwana a Kano cikin baƙi, ni ina nan ina zuwa kabari ina yi wa rabinta addu'a." Ya miƙo hannu. "Kawo."

Tahira ta dubi hannun. Ta dubi Abdulgani, wanda idanunsa ke roƙonta. Gwaggo Jumma ta zungure ta ta baya.

Hannunta ya ƙi miƙuwa.

"Baba, ka ba ni izini in isar da saƙo tukuna. In na gama, abin da ka ce shi za a yi."

"Ina jin ki."

"Ranar da na kai wa Inna takardar nan, na karanta mata da Hausa sau biyu. Na ce mata ba dole, in ta ƙi ba abin da zai ragu a maganinta. Sai ta ce in matso. Ta ce, 'Yar nan, uwata da wannan ciwon ta tafi, muna ce masa daji, muna shafa mata toka da man shanu. Yayata ma haka. Ni ga ni a kwance. Ina da 'ya'ya mata uku. In akwai abin da za ku gani a naman nan da zai sa abin ya tsaya a kaina, ku riƙe shi har ku gani. Ta ce kar in bari a fasa. Ta kama babban yatsanta da kanta ta dangwala." Hawaye ya jiƙe mayafin. "Wata mai zuwa za a yi gwajin, Baba. Wata ɗaya tak. In an gama, ni da kaina zan dawo da ita, in durƙusa a nan in miƙa maka."

Tsohon ya share ido da gefen rawaninsa. Da ya yi magana, muryarsa ba ta sauya ba.

"Na yarda ta faɗa. Halinta ne. Amma mai ciwo ba ya rasa abin faɗa, kuma ba ta shawarce ni ba. 'Ya'yana lafiyarsu ƙalau, Allah ne ke tsare su, ba madubi ba. An ce mini in an yanke za ta warke, aka yanke, ta mutu. Yanzu kuma a ce in jira wata guda? Ko kwana guda ba zan ƙara ba. Kawo."

"Tahira," Abdulgani ya ce a hankali, "don Allah."

Kalmar tana kan harshenta. 'Yarka ba ta da lafiya. Kalma biyar, komai ya warware. Ta ciji leɓe har ta ji gishirin jini. Ta rantse da Allah, kuma sirrin mara lafiya ba nata ba ne balle ta sayi aure da shi.

Ta dunƙule hannunta a kan audugar, ta mayar ƙirjinta.

"Baba, haƙƙinka ne. In ka sa Abdul ya karɓa, ba zan hana shi ba. Amma ni da hannuna ba zan iya miƙawa a binne ba. Amana ce. Ka gafarce ni."

"Ke! Kin haukace?" Gwaggo Jumma ta daka mata duka a baya. "Malam, ka yi haƙuri, ƙuruciya ce..."

Malam Sama'ilu ya ɗaga mata hannu. Ya juya ga ɗansa.

"Abdulgani, ka ji da kunnenka. Karɓo mini uwarka. In ka karɓo, ka mayar da su gidansu, ka shaida wa iyayenta na janye. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Abdulgani ya miƙe kamar wanda aka ɗora wa buhu. Taku uku ne tsakaninsu, amma sai da ya tsaya sau biyu. Ya tsuguna a gabanta, hawaye na ɗiga daga gemunsa.

"Me ya sa, Tahira? Me ya sa kika zaɓi wannan a kaina?"

Ta buɗe tafin hannunta ta kau da kai.

"Yaya, kar ka taɓa!"

Duk suka waiwaya. Ramlat ce ta fito daga bayan rumbu da gudu, ɗankwali ya zame, ta zube a gaban uban.

"Baba, kar ka binne! Saboda ni ta hana. Ni ma ya fito mini, Baba. Irin na Inna, a wuri ɗaya. Na je na nuna mata, na sa ta rantse ba za ta faɗa ba. Kullum sai ta kira ni tana roƙo in zo a duba, ni ce na ƙi. Tsoro nake ji, Baba. Tsoro nake ji!"

Gidan ya yi tsit. Hatta matan da ke sussuka a maƙwabta kamar sun dakata. Hannun tsohon da ke miƙe ya sauka a hankali a kan gwiwarsa.

"Ramlatu... auta..." Sai salati ya ƙwace masa, yana yi yana maimaitawa.

Da ya samu numfashi, Tahira ya kalla. A karo na farko ya dube ta ido cikin ido.

"Za a yanka ta ita ma?"

"Ban sani ba tukuna, Baba, sai an duba. Ba zan yi maka alkawarin da ba na Allah ba. Amma ta zo da wuri fiye da Inna nesa ba kusa ba. In aka bar shi, shi ne ba makawa."

Ya dubi ɗan likkafanin da ke gefensa. Ya ɗauke shi ya tura ƙarƙashin buzu.

"Mayar da Hure jakarki," ya ce da ƙyar. "Ki tafi da su su biyun, uwar da 'yar. Yanzu, ba gobe ba. Mijinta ni zan yi masa magana."

"Malam, to maganar aure fa?" in ji Gwaggo Jumma.

"Baiwar Allah, gidana na ci da wuta kina tambayata shimfiɗa? Ba ni da bakin wannan maganar yau. Ga mai auren nan, ku tambaye shi."

Tahira ta ɗago ta nemi idon Abdulgani. Yana tsaye inda yake, ƙanwarsa yake kallo kamar bai taɓa ganinta ba.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

Ramlat ta sunkuyar da kai.

"Sati bakwai da na nuna mata."

"Sati bakwai." Ya juyo ga Tahira. "Sati bakwai muna waya safe da yamma. Muna zaɓen fentin ɗaki. Kina tambayata kalar labule. Kin san da idona na ga yadda abin nan ya ci uwata, kin san kowace rana abin da take nufi, ke da kike karanta shi a madubi. Kika dube ni kika yi dariya, ƙanwata tana ruɓewa."

"Abdul, rantsuwa na yi. Sirrinta ne, ba ni da..."

"Da kin karya, da na yi miki azumin kaffara."

Ya kama hannun Ramlat ya tashe ta, ya gyara mata ɗankwali kamar ƙaramar yarinya, ya ja ta suka nufi zaure. Tahira ta bi su da jaka a rungume, Gwaggo Jumma na biye tana salati.

A ƙofar gida ya buɗe gaban mota ya zaunar da ƙanwarsa. Ya zagayo ya buɗe ƙofar baya, ya riƙe ta, idonsa a kan gonar geron da ke tsallaken hanya.

"Abdul, ka dube ni. Don girman Allah ka dube ni ko sau ɗaya."

Bai juyo ba.

"Likita, ki shiga mu tafi," ya ce. "Rana tana yi."

Tun ranar da suka fara haɗuwa a bakin gadon Inna Hure, bai taɓa kiranta da wannan sunan ba.